Matar Awe da 'Ya'yanta Biyu a Gaban Alƙali

Shekara goma sha bakwai na yi ina aikin tafinta a wata babbar kotu a Lafia. Nakan tsaya a gefen akwatin shaida, abin da alƙali ko lauya ya faɗa da Turanci in mayar da Hausa, abin da mai shaida ya amsa in mayar musu da Turanci. Mahaifina ɗan kasuwa ne, fatauci ne ya kawo kakansa daga Katsina har ya zauna. Mahaifiyata kuwa 'yar ƙabilar Alago ce. Da yare biyu na tashi a gida, makaranta ta ƙara mini Turanci, da su ukun na ci abinci har na yi ritaya.

Alƙalin da na fi daɗewa a gabansa dattijo ne mai sanyin murya, kuma da hannu yake rubuta duk abin da aka faɗa. Sai a yi magana ɗaya, a tsaya, a jira alƙalaminsa ya iso. A ɗan wannan jiran ne hankalina yake tafiya. Fanka tana juyawa a sama kamar ba ta so. Ta taga ina hango bishiyar mangwaro da mata masu sayar da lemo a inuwarta, babura suna giftawa can nesa. Idan rana ta take, ɗakin yakan yi wani irin lumshi, lauyoyi cikin baƙaƙen riguna suna tashi suna zama kamar a mafarki. Sai in ji alƙali ya ce a ci gaba, in dawo, in ɗauki maganar daga inda aka ajiye ta.

Shari'o'in kisan kai da yawa sun bi ta bakina. Yawancinsu sun narke mini yanzu, fuskokin sun shige cikin juna. Guda ɗaya ce har yau nake ganinta tar.

Wata safiya ce a farkon damina, ba a fara zama ba tukuna. Na shigo na tarar da wata mata tsaye a tsakiyar ɗakin, tsakanin layin bencuna biyu. Za ta kai shekara sittin, siririya, mayafinta ya koɗe, hannuwanta duk sun tsattsage. A kotunmu, ba doka ba ce, amma mutane sun saba: dangin mamaci sukan zauna bayan lauyan gwamnati, dangin wanda ake tuhuma su zauna bayan lauyansa. Ita kuwa ta dubi nan, ta dubi can, ta kasa motsi.

Na ce, "Mama, sannu da zuwa. Wajen wa kika zo?"

Ta ce, "Wajen yarona."

"Shi ake tuhuma, ko shi ne ya rasu?"

Ta dube ni ta ce, "Duka biyu, 'yata."

Ita da kanta ta je bencin ƙarshe, ta zauna a bakin ƙofa, inda iska ke shigowa. A nan ta riƙa zama har aka gama shari'ar.

Daga Awe take, sana'arta dafa gishiri. 'Ya'yanta maza biyu ne. Babban yana da mata da 'ya'ya uku, ƙaramin bai yi aure ba, shekararsa ashirin da 'yan kai. Wata rana da rani, tana bakin murhun gishiri, ƙaramin ya kawo mata itacen da ya kwana biyu yana sarowa. Babban ya zo zai ɗibi rabi ya kai wa matarsa. Magana ta yi zafi, aka kai ga hannu, ƙaramin ya buga wa yayansa itace a ka, sau ɗaya. Shi ne kuma ya ɗora shi a babur don kai shi asibiti, rai ya yi halinsa a hanya. Gwamnati ta tuhume shi da kisan kai na ganganci, wanda hukuncinsa rataya ce. Ba wanda ya ga abin da ya faru daga farko har ƙarshe sai uwarsu.

Shari'ar ta ja lokaci. A zauna, a saurari ɗan sanda ko likita, a ɗage zuwa wata mai zuwa. Duk zama sai ta zo. Tana idar da sallar asuba take shiga mota daga Awe, wani lokaci ta iso ƙafafunta duk laka. In motar gidan yari ta shigo, takan miƙe ta leƙa, ta ga an sauko da shi da ankwa, ta koma ta zauna. Shi kuwa ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya dubi inda take ba.

A hankali muka saba. Lokacin hutun rana nakan same ta a gindin mangwaro, mu raba ɗan abincin da na zo da shi, yawanci shinkafa da wake. Tun ranar farko na gaya mata ba ni da izinin yin maganar shari'ar da ita, ta ce ta ji, kuma ba ta taɓa tayar da ita ba. Da ta gane ina jin Alago sai ta saki jiki, tana haɗa shi da Hausarta ta kasuwa, wadda mace da namiji duk "ya" ne. Labarin gishiri take ba ni. Yadda suke kankare ƙasar fadama in ta yi fari da safe, su zuba a tukwane masu huji, su kwarara ruwa, ya riƙa ɗiga a hankali. Yadda ruwan yake tafasa har ya ƙafe, gishiri ya fito fari fat. Ta ce da sanyin safiya hayaƙin murhu yakan kwanta a kan fadamar, mata suna tafiya a cikinsa ba ka ganin ƙafafunsu, sai ka ce a kan gajimare suke. Ban taɓa zuwa Awe ba a lokacin, amma sau da yawa in alƙali yana rubutu, can hankalina yake tafiya, in ga matan nan suna yawo cikin farin hayaƙi da tukwane a ka.

Wani lokaci takan zarce zuwa yaran suna ƙanana. Babban ne yake goya ƙaramin in tana aiki. Ya taɓa cin duka a hannun babansu saboda ya ce shi ya fasa tulu, alhali ƙaramin ne. Takan ba da labarin tana murmushi, idonta a kan titi, kamar yanzu za su ɓullo tare daga kwana.

Ranar da aka kira ta shaida, hadari ya haɗu tun da hantsi, ɗakin ya yi duhu-duhu. Lauyan gwamnati ne ya kira ta, wani matashi mai ladabi. Aka rantsar da ita, ta dafa katakon akwatin da hannu biyu. Matar mamacin tana zaune da yayyenta maza biyu a bencin gaba.

Lauya ya ce ta faɗa wa kotu abin da ta gani. Ta fara: "Ya zo ya ce zai ɗiba. Ya ce ba zai ɗiba ba. Sai ya mare shi. Sai ya ɗauka itace."

Alƙali ya ɗaga kai ya ce in tambaye ta wa ya mari wa.

Na ce, "Mama, wanne ne ya yi marin?"

"Yarona."

"Babban ko ƙaramin?"

"Babba."

Haka muka bi labarin, gaɓa gaɓa, kowace magana sai na tsayar da ita na tambaya wanne. Babban ne ya fara mari. Babban ne ya fara ɗaukar itace, ya kai wa ƙaramin duka a kafaɗa. Ƙaramin ya riƙe itacen, suka yi kokawa, ya fizge.

Sai lauya ya yi tambayar da kowa yake jira. Ya ce, bayan ƙaramin ya ƙwace itacen, akwai wani abu a hannun babban?

Na mayar mata da Hausa. Ruwa ya fara sauka a kan kwano, ƙararsa ta cika ɗakin. Ta sunkuyo wajena, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Alago, yaren da alƙali da lauyoyi ba sa ji. Cewa ta yi, "'Yata, in na ce ban gani ba fa?"

Alƙali ya ce, "Me ta ce?"

Na rantse zan faɗi duk abin da aka faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba, kuma a tsawon aikina ban san na saɓa ba sai ranar. Na ce, "Ya Mai Shari'a, ta ce maganar tana mata nauyi."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya dube ta. Ban san ko ya gane ba. Ya ce a ba ta ruwa, ta huta, kotu ba ta sauri. Aka kawo ruwa ta sha. Ni dai ban amsa mata tambayarta ba, ban ma iya kallonta ba.

Ta ajiye kofin, ta goge baki da gefen mayafi, ta ce da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Hannunsa babu komai."

"Sai me ya faru?"

"Sai ƙarami ya buga masa. Sau ɗaya. Ya faɗi. Ƙarami ya yar da itace, ya ɗaga shi, yana kiran yaya, yaya."

Na mayar da Turanci. A lokacin ne wanda ake tuhuma ya ɗaga kai karo na farko ya dubi uwarsa. Ba fushi a fuskarsa. Kallo ne irin na wanda ya daɗe da kaya a ka aka sauke masa.

Lauyansa ya yi mata 'yan tambayoyi: ko akwai gaba tsakaninsu a da, ta ce babu, ko tsakanin marin da bugun an ɗau lokaci, ta ce ko tukunya ba ta sauke ba. Aka sallame ta. Da ta zo wucewa, matar mamacin ta kawar da kai.

An sa ranar hukunci bayan wata biyu. A ranar shari'o'in kisa uku alƙali zai yanke, tasu ce ta ƙarshe.

Na farko wani mutum ne da ya yi wa abokin tafiyarsa kwanton ɓauna a hanyar gona, ya shirya abin tun kwanaki. Alƙali ya same shi da laifi, ya ce doka ba ta bar masa zaɓi ba. Ya karanta hukuncin da Turanci, sannan ya juyo gare ni. Wannan ne wurin da ban taɓa sabawa da shi ba. Turancin yakan wuce ta saman kan mutum, sai na faɗa da Hausa yake sauka. Na ce, "Kotu ta yanke maka hukuncin kisa. Za a rataye ka ta wuya har ka mutu. Allah ya ji ƙan ranka. Kana da damar ɗaukaka ƙara." Na ji muryata kamar daga wani ɗaki take fitowa. Mutumin ya tambaye ni, "Yau?" Na ce a'a, ba yau ba. Gandirobobi suka fita da shi. Na saci kallon bencin ƙarshe, na ga matar Awe ta dafe ƙirji da hannu biyu.

Na biyu wasu samari ne biyu. Alƙali ya ce shaidar da aka kawo ba ta kai a ɗaure mutum da ita ba, ya sallame su ya wanke su. Danginsu suka fita suna guɗa, dangin mamacin suka bi ta ɗaya ƙofar.

Sannan aka kira ɗan matar Awe. Alƙali ya fi awa guda yana karatu. Rana ta karkata, haske ya shigo ta taga ya kwanta a kan teburin magatakarda, yana hawa takardu a hankali. Ina tsaye ina jin maganar da matar nan ta yi da Hausarta ta kasuwa tana dawowa cikin Turancin alƙali, an jera ta, an sa mata lamba. Ya ce ya yarda da shaidar uwar gaba ɗaya, domin ta faɗi abin da zai taimaki ɗanta, ta kuma faɗi abin da zai cutar da shi. Ya ce an kashe rai, wannan ba shakka, kuma mamacin ba makami a hannunsa lokacin da aka buge shi, don haka ba za a ce kare kai ba ne. Amma faɗa ne ya tashi nan take, cikin zafin rai, ba shiri, ba tsohuwar gaba. Ya same shi da laifin kisan kai, amma ba irin wanda ake ratayewa a kansa ba.

Na mayar masa. Aka tambaye shi ko yana da abin cewa kafin a yanke masa hukunci.

Ya ce, "Ba ni da shi. Yayana ne."

Sai ga uwar ta miƙe daga bakin ƙofa. Ɗan sandan kotu ya ɗaga mata hannu ta zauna, alƙali ya ce a bar ta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na binne ɗaya. Ni ban ce a sake shi ba, ya yi laifi. Amma a bar mini shi da rai a inda zan riƙa zuwa in gani."

Alƙali ya rubuta wannan ma. Ya yanke masa ɗaurin shekara goma sha biyu, a fara lissafi daga ranar da aka kama shi. A lokacin ya riga ya yi uku a tsare.

Matar mamacin ta tashi, goyonta na ƙarshe ya riga ya girma yana riƙe da zanenta. Da ta zo daidai inda nake ta ce, ba da ƙarfi ba, "Sha biyu. Shi ke nan?" Ba ni take tambaya ba. Ita ma na daɗe ina tunaninta.

A waje uwar ta kama hannuna ta ce, "Rani nawa ke nan?" Na ce saura tara, amma gidan yari suna da nasu lissafin, in ya yi halin kirki ba zai cika su ba. Ta lanƙwasa yatsu tana ƙirgawa, ta kai tara, ta tsaya tana kallon hannun. Ta ce, "To. Allah ya kai mu." Ta nufi tasha.

Daga nan ban sake ganinta a kotu ba. Wasu shari'o'in suka zo suka wuce, alƙalin ya yi ritaya, ni ma na bi bayansa.

Bara, wajen ƙarshen damina, na je Shabu, kusa da Lafia, duba wata ƙanwata. A bakin titi na tsayar da mai babur ina yi masa kwatancen gidan. Wani mutum da ke ɗaure buhu a bayan nasa babur ya saki igiya ya juyo. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara fito masa a gemu.

Ya ce, "Hajiya, don Allah, kin taɓa aiki a kotu?"

Na ce na taɓa.

Ya ce, "Fuskar ban riƙe ba, amma muryar nan ko a ina na ji ta zan gane. Da ita aka ɗaure ni." Ya yi ɗan murmushi, ya durƙusa ya gaishe ni. Sai da ya ce Awe sannan na gane shi.

Shekara biyu ke nan da fitowarsa. Bai koma Awe ba, ya ce ba zai iya bi ta gaban fadamar nan ba. Ya sami gona a bayan Shabu yana noman doya da rogo da agushi, ya ɗauko uwarsa suna tare. Matar yayansa ta yi aure a Obi. Yakan aika wa yaran doya in an yi girbi, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a dawo da ita. Babbar 'yar yayan nasa ta taɓa zuwa sau ɗaya, ta gaida kakarta, ta kwana, shi kuwa ba ta ce masa komai ba har ta tafi.

Ya roƙe ni in je in gaida tsohuwar. Na hau bayan babur ɗinsa muka bi wata siririyar hanya tsakanin gonaki, ciyawa tana shafar ƙafafuna, duwatsun Eggon sun yi shuɗi can gaba kamar an zana su.

Muka same ta zaune a tabarma a tsakar gida, an shanya agushi a gabanta, tana korar kaji da ɗan kara. Idonta ya yi rauni ƙwarai. Ya ce mata, "Mama, ga baƙuwa daga Lafia." Na gaishe ta da Alago. Ta lalubo fuskata da hannu, ta yi dariya, ta ce, "'Yata mai shinkafa da wake." Abin da ta riƙe ke nan. Ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko mahaifiyata tana nan, na ce ta rasu, ta yi mata addu'a. Maganar kotu kuwa ba ta tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba.

Muna cikin hira iska ta juya, aka fara yayyafi. Ɗan nata ya fito da gudu da kwando, ni ma na cire mayafi, muka hau kwashe agushi, tsohuwar tana daga zaune tana ba mu umarni, a fara da na gefen rijiya, kar a bar na bakin ƙofa. Muka shigar da shi duka kafin ruwan ya yi ƙarfi. Muka zauna mu uku a ƙarƙashin rumfa muna haki, ya kawo dafaffiyar gyaɗa a kwano. Ruwan bai ɗauke ba sai bayan la'asar, ƙanwata tana ta kira a waya tana tambaya ko na ɓata ne.